Yadda Ake Auna Ingancin Farantin Sola da Kayan Aikin Hannu

Idan ka je sayen farantin sola, gwajin da aka saba yi maka guda ɗaya ne. A fito da faranti bakin shago, a soka masa wayoyin mita, allo ya nuna bolt 38 ko 40, mai kaya ya ce ka gani da idonka, lafiyarsa ƙalau. Abin da wannan gwaji ya tabbatar kawai shi ne farantin bai mutu murus ba. Faranti mai tsagaggun ƙwayoyi, wato ƙananan murabba'an da ke ƙarƙashin gilashi masu mayar da haske lantarki, da wanda aka liƙa wa sitikar ƙarya, da wanda ya daɗe a kan rufin wani a Turai kafin a kwaso shi, dukkansu za su nuna bolt mai kyau, ko da hadari ya rufe rana. Kai kuwa wat kake saya da kuɗinka, kuma ba a sanin gaskiyar wat sai an auna abu biyu a lokaci guda: wutar da ke fita daga faranti da hasken da ke sauka a kansa. Na daɗe ina wannan awo a kan sababbin faranti da na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, kuma ga yadda nake bi da shi daki-daki.

Abin da ake nufi da inganci

Mai matsar man gyaɗa ba ya yabon injinsa don kawai jarka ta cika, sai ya san mudu nawa na gyaɗa ya zuba. A wurin faranti, hasken rana shi ne gyaɗar, lantarki shi ne man. Inganci shi ne kaso nawa cikin ɗari na hasken da ya sauka a fuskar faranti ya koma lantarki:

Inganci = wat ɗin da ya fita ÷ (ƙarfin haske × girman fuskar faranti) × 100

Ƙarfin haske ana faɗinsa da wat a kan kowane murabba'in mita. Lambobin da ke kan sitikar bayan faranti duk an ɗauke su ne a masana'anta bisa sharaɗi guda da ake rubutawa STC: haske wat 1000 a murabba'in mita, zafin ƙwaya digiri 25, da launin haske irin na ranar da ta ɗan karkata, wanda ake rubutawa AM1.5. A can suna amfani da fitila mai walƙiya wadda ke haska faranti cikin ƙiftawar ido, kafin ya ɗumama. A tsakar gidanka ba za ka taɓa samun wannan yanayi ba, domin faranti a ranar ƙasar Hausa yana kai digiri 60 ko sama da haka. Saboda haka aikin kashi biyu ne: ka auna abin da faranti ya bayar a yanayin da ka samu, sannan ka yi lissafin mayar da shi kan sharaɗin masana'anta, don ka kwatanta shi da sitika bisa adalci.

Lambobi biyar za ka nema a sitika. Pmax shi ne iyakar wat. Voc shi ne bolt lokacin da ba a jona wa faranti komai ba. Isc shi ne amfiya lokacin da aka haɗa bakin wayoyinsa biyu kai tsaye. Vmp da Imp su ne bolt da amfiya a daidai gurbin da faranti ke bayar da wat mafi yawa, kuma idan ka ninka su za su ba ka Pmax.

Kayan aiki

- Maltimita guda biyu, ɗaya don bolt, ɗaya don amfiya. Da guda ɗaya ma ana yi, amma aikin zai yi jinkiri kuma rana ba ta jira.
- Mitar kilam, wato mai buɗe baki ta rungumi waya, idan farantin babba ne. Ka tabbata tana karanta DC, wato irin wutar sola da batir. Yawancin masu araha AC, wato irin wutar soket ɗin gida, kaɗai suke karantawa, a kan wayar sola sifili za su nuna maka.
- Ma'aunin ƙarfin hasken rana, ƙaramin na'ura mai ido a samanta da ke nuna W/m², wato wat a murabba'in mita. Idan babu, akwai dabarar da zan kawo a mataki na 4.
- Ma'aunin zafi: ko mai kama da bindiga, ko siririyar wayar auna zafi da ke zuwa da wasu maltimita.
- Tef ɗin awo.
- Lodi, wato abin da zai sha wutar: ƙwayayen fitilar mota, ko murɗaɗɗiyar wayar risho na lantarki, ko kwanturolar caji mai MPPT, wato mai neman gurbin wat mafi yawa da kanta, tare da batir.
- Gajerun wayoyi masu kauri, aƙalla murabba'in milimita 4, da kan MC4 mace da namiji, wato mahaɗan da ke bakin wayoyin faranti, da burekar DC guda.
- Kwali ko bargo mai kauri na rufe faranti, ƙusa da ɗan katako, ruwa da tsumma mai laushi, littafi da biro.
- Mutum na biyu. Ɗaya na karanta haske, ɗaya na karanta wuta.

Mataki na 1: Tef da sitika, tun kafin a fita rana

Auna tsawon faranti da faɗinsa daga gefen firam zuwa gefen firam, ka mayar da su mita, ka ninka. Misalin da zan yi ta amfani da shi har ƙarshe: faranti mai ƙwaya 60, tsawo mita 1.64, faɗi mita 0.99, girman fuska murabba'in mita 1.62. Sitikarsa ta ce Pmax 300, Voc 39.8, Isc 9.7, Vmp 32.6, Imp 9.2.

A haske wat 1000, abin da ke sauka a wannan fuska wat 1620 ne. Raba 300 da 1620, ka ninka da 100, za ka samu 18.5. Ke nan sitikar tana iƙirarin inganci kashi 18.5, kuma wannan magana ce mai yiwuwa.

Wannan lissafi na minti biyu ya fi kowane gwaji saurin kama ƙarya. Ƙwayar silikon ta farko mai amfani, wadda aka fitar a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1954, kusan kashi 6 take bayarwa. Yau faranti mai ƙwaya shuɗiya, wato foli, yana tsakanin kashi 15 da 18, mai baƙar ƙwaya, wato mono, yana tsakanin 19 da 23, mafi kyawu na kasuwa kuwa ba su wuce 24 zuwa 25 ba. Ƙwayar silikon zalla tana da iyakar da ilimin kimiyya ya nuna ba za ta iya tsallakewa ba, wajen kashi 29, kuma ko a manyan ɗakunan bincike ɗan haura 27 aka yi. To idan aka kawo maka faranti mai girman murabba'in mita 1.62 an rubuta masa wat 500, lissafi zai ba ka kusan kashi 31. Kada ka ɓata lokacin fitar da shi rana. Sitikar ƙarya ce, ko wane suna aka buga a kanta.

Ka kuma ninka Vmp da Imp ka ga ko sun yi daidai da Pmax. Masu buga sitikar bogi sukan canza babbar lamba su manta da ƙananan.

Mataki na 2: Zaɓen rana da lokaci

Kana buƙatar sararin sama garau, ba gajimare, ba hazo. Mafi dacewa a wurinmu shi ne ƙarshen damina zuwa kaka, kafin ƙurar hunturu ta taso, ko ranar da gari ya waye tas bayan ruwan dare. Ranar da hazo ya yi kauri har kana iya kallon rana da ido, ka haƙura da awo. Ranar da gajimare ke yawo ita ce mafi sharri, domin haske kan faɗi ya tashi cikin daƙiƙoƙi, wani lokaci ma gefen farin gajimare kan ƙaro haske ya haura 1000.

Lokaci kuwa shi ne sa'a ɗaya kafin rana ta take tsaka zuwa sa'a ɗaya bayanta. Tsakar rana ba ƙarfe 12 na agogo ba ce. A Kano tana faɗawa tsakanin 12:10 da 12:40 gwargwadon wata, a Maiduguri tana riga haka da kusan minti 18, a Sakkwato tana jinkiri da kusan minti 13, a Yamai da kusan minti 25. Hanya mafi sauƙi ita ce lura da lokacin da inuwar sanda ta fi gajarta, gab da zawali.

Mataki na 3: Ware faranti, wanke shi, fuskantar da shi

Faranti ɗaya ake aunawa, shi kaɗai. Idan yana cikin jerin da aka riga aka haɗa a rufi, kashe inbata da burekar sola tukuna, sannan ka zare kawunansa. Faranti goma da aka jera siris, wato wayar wannan cikin ta wancan a layi ɗaya, suna tara bolt 400 ko fiye, kuma wannan wuta tana kisa. Kada ka taɓa zare kan MC4 alhali wuta na gudu a cikinsa. Wutar DC tana jan tartsatsi mai tsawo wanda ba ya mutuwa da wuri, yana ƙone bakin ƙarfen ya narka robar.

Wanke gilashin da sassafe, tun bai ɗau zafi ba. Ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana yana iya tsaga shi. Idan kana son sanin asarar da ƙura ke jawo maka, yi awon gaba ɗaya kafin wanki, ka sake washegari bayan wanki. Duk wanda ya yi wannan a watan Janairu ba ya sake barin farantinsa wata guda ba shara.

Sai ka jingina faranti ya kalli rana ido da ido. Kafa ƙusa a tsaye cak a kan ɗan katako mai shafaffen gindi, ka ɗora katakon a kan firam ko gilashi, ka yi ta juya faranti har inuwar ƙusar ta ɓace a gindinta. Sannan ka ɗauke katakon. Kada ka dogara da cewa faranti kudu yake kallo, domin a Kano daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da tsakar rana. Rana tana tafiya digiri 15 a kowace sa'a, don haka ka sake duba ƙusar duk bayan minti goma.

Ka nisanci farin bango da sabon kwanon rufi, suna jefo ƙarin haske. Ka bar sarari a bayan faranti iska ta wuce. Idan faranti mai fuska biyu ne, wanda bayansa ma gilashi ne, rufe bayan da baƙin ƙyalle a ɗan nesa da shi, in ba haka ba zai sha haske ta baya wanda ba ka auna ba, ya ba ka sakamakon da ya fi gaskiya. Kuma kada inuwar komai ta taɓa shi, ko ta wayar shanya, ko ta kanka. Ka bar shi minti 15 zuwa 20 a rana zafinsa ya daidaita.

Mataki na 4: Auna haske da zafi

Riƙe ma'aunin haske a gefen firam, idonsa yana kallon inda faranti ke kallo daidai. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye shi a ƙasa yana kallon sama alhali faranti a karkace yake. A misalinmu ya nuna 880.

Idan ba ka da wannan na'ura, nemi ƙaramin faranti sabo na kamfanin da ka amince da shi, mai wat 10 ko 20, ka mayar da shi ma'auninka. Amfiyar Isc tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da haske: haske ya ragu da rabi, ita ma ta ragu da rabi. Ajiye ƙaramin a gefen babban, fuskarsu ɗaya, ka auna Isc ɗinsa, ka raba da Isc na sitikarsa, ka ninka da 1000. Idan sitika ta ce 0.60 kai kuma ka karanta 0.53, haske yana wajen 880. Amma kada ka yi wannan dabara da farantin da kake tuhuma, domin ka mai da wanda ake ƙara ya zama shaidar kansa. Manhajojin waya masu auna haske kuwa ban yarda da su a wannan aiki ba. Idon wayar an yi shi ne don daidaita hasken allo, kuma a tsakar rana yakan cika ya tsaya. Idan ba ka da ko ɗaya, kana iya ɗauka cewa sama garau da tsakar rana tana ba da 900 zuwa 1000 a fuskar da ta kalli rana, amma ka san abin da za ka samu kintace ne, ba hujjar da za ka kai wa mai kaya ba. Idan haske bai kai 700 ba, ɗage aikin.

Zafi kuma a bayan faranti ake auna shi, a tsakiyar wata ƙwaya, nesa da firam da akwatin waya. Auna wuri uku ka ɗauki matsakaici, sannan ka ƙara digiri 2 ko 3, domin ƙwayar da ke ciki ta fi fatar baya zafi. Kada ka harba ma'aunin a gilashin gaba, zai ruɗe da sararin sama. Bindigar auna zazzaɓi irin ta asibiti ba ta wuce digiri 42 ko 43, sai idan tana da maɓallin auna zafin kaya. A misalinmu baya ya nuna 57, sai mu rubuta 60.

Mataki na 5: Voc

Juya maltimita zuwa bolt na DC, a ma'aunin da ya haura 50. Jar waya a kan fosi (+), baƙa a kan nega (−). Rubuta abin da ka gani. Namu ya nuna 35.4, sitika kuwa ta ce 39.8. Wannan ba laifi ba ne. Bolt yana sauka da kusan kashi 0.3 cikin ɗari a kowane digiri da ya haura 25, mu kuma mun haura da 35, ragin ya kai kusan kashi 10.5. Daidai ke nan.

Mataki na 6: Isc

Rufe faranti da kwali. Mayar da jar wayar maltimita ramin da aka rubuta 10A, ka juya zuwa amfiya na DC, ka jona wayoyin faranti biyu da na mitar kai tsaye, da bureka a tsakani. Ɗauke kwali, tada bureka, karanta cikin daƙiƙa goma, abokin aikinka ya karanta haske a wannan lokacin, sannan ka kashe. Haɗa bakin faranti ɗaya ba ya lalata shi, shi ba batir ba ne, ba zai iya ba da abin da ya fi wanda rana ta ba shi ba.

Duba Isc na sitika kafin ka fara. Manyan faranti na yanzu masu wat 550 suna ba da amfiya 13 zuwa 14, wasu sun fi haka, maltimita kuwa fis ɗinta 10 ne. Ga irin waɗannan, soka kan faranti mace cikin namiji yana rufe, ka rungumi wayar da mitar kilam, ka danna maɓallin sifili kafin ka ɗauke kwali. Ka sake rufewa kafin ka zare.

Da ka gama, mayar da jar waya raminta na bolt nan take. Wanda ya manta, ya je ya taɓa batir da ita a ramin amfiya, ya haɗa bakin batir ke nan, kuma fis ɗin mitar, ko ita kanta mitar, zai ƙone.

Namu ya ba da 8.6 a haske 880. Abin da ake sa rai shi ne 9.7 sau 0.88, wato 8.5, da ɗan ƙarin da zafi ke kawowa. Ya yi.

Mataki na 7: Neman gurbin wat mafi yawa

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Wasu sukan ninka Voc da Isc su ce sun samu wat. Wannan lamba faranti bai taɓa bayar da ita ba: lokacin Voc babu amfiya, lokacin Isc babu bolt, a duka biyun wat sifili ne. Wat yana tsakaninsu, kuma sai an ɗora lodi yake bayyana.

Akwai dalili na biyu da ya fi wannan nauyi. A cikin akwatin bayan faranti akwai dayod, galibi uku, kowanne yana tsaron kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin. Idan ƙwaya ɗaya ta tsage ta raunana, dayod yakan buɗe wa wuta hanyar kewaye ta. Sai ka ga Voc lafiya, Isc lafiya, amma da zarar an ɗora lodi wat ya zube. Faranti na hannu da yawa haka suke, kuma ba abin da ke fallasa su sai wannan mataki.

Haɗin kamar haka ne. Daga fosi na faranti zuwa bureka, zuwa mitar amfiya, zuwa lodi, daga lodi a koma nega. Mitar bolt kuma a jona ta a bakin wayoyin faranti, kusa da shi iyakar iyawa. Idan ka auna bolt a can wajen lodi, abin da doguwar waya ta cinye za ka ɗora wa faranti laifinsa.

Girman lodin da kake nema shi ne Vmp a raba da Imp, a misalinmu kusan om 3.5 (om shi ne ma'aunin yadda lodi ke tare wuta), kuma dole ya iya jure wat 300 ba tare da ya ƙone ba. Hanya uku ce.

Ta farko, wayar risho. Murɗaɗɗiyar waya ta risho ko hita mai wat 2000 tana da kusan om 26 kuma tana ɗaukar amfiya kusan 9. Shimfiɗa ta a kan bulo ko tayil, ka kama bakinta ɗaya da kusoshi mai noti, ɗaya wayar kuma ka sa mata babban maƙali irin na cajin batir, ka riƙa matsar da shi. Ka fara da kusan rubu'in tsawonta, kana ragewa kaɗan-kaɗan. Kashe bureka kafin kowace matsawa. Wayar za ta yi ja, don haka a kawar da yara da duk abin da ke kama wuta. Ni wannan hanya na fi so, domin tana ba ka damar matsawa ƙanƙani yadda kake so.

Ta biyu, ƙwayayen fitilar mota masu bolt 12, wat 55. Ga faranti mai Voc kusan 40, jera uku siris su zama layi guda, don kada bolt ya yi wa ɗaya yawa ya ƙone. Layi ɗaya yana jan amfiya wajen 4. Layi biyu a faralel, wato gefe da gefe kowanne a jone da wayoyin faranti biyu, suna kai ka kusa da gurbin da ake nema. Daga nan ka riƙa ƙara layin ƙananan ƙwayaye masu wat 21, su ma uku-uku, don matsawa a hankali.

Ta uku, kwanturola mai MPPT, wadda ita da kanta take farautar gurbin. Sharaɗinta shi ne batir ya kasance da yunwa. Idan ya kusa cika, kwanturola za ta rage jan wuta da gangan, ka zargi faranti a banza. Kunna kaya a kan batirin ya sauka tukuna. Faranti mai ƙwaya 60 a gwada shi da batir mai bolt 12, domin idan ya yi zafi bolt ɗinsa ba ya isa ya tura na 24 yadda ya kamata. Ka auna bolt da amfiya da mitocinka a ɓangaren faranti, kada ka dogara da allon kwanturola kaɗai. Ɗaya nau'in kwanturolar, mai PWM, ba ta yin wannan aiki sam, tana janyo bolt ɗin faranti ya sauko daidai da na batir. Akwai kuma ƙananan na'urorin gwajin faranti da ake sayarwa yanzu, masu nuna Pmax kai tsaye. Suna sauƙaƙa wannan mataki, amma ba su auna haske, saboda haka mataki na 4 yana nan daram.

A kowane matsayi rubuta bolt, amfiya da haske tare. Ga irin abin da za ka gani, haske yana tsaye a 880:

bolt 32.0, amfiya 4.9, wat 157
bolt 29.0, amfiya 7.4, wat 215
bolt 27.5, amfiya 8.0, wat 220
bolt 25.0, amfiya 8.3, wat 208
bolt 20.0, amfiya 8.5, wat 170

Wat ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Dole ka ga saukar ta ɓangare biyu, in ba haka ba ba ka tabbatar ka taɓa ƙololuwar ba. Gurbin yakan faɗo wajen kashi 75 zuwa 82 na Voc ɗin da ka auna, don haka ka yawaita awo a wannan yanki. Idan haske ya motsa da fiye da 20 ko 30 tsakanin layi da layi, soke layin ka sake. Da ka gama, sake auna zafin baya.

Mataki na 8: Lissafi

Hasken da ya shiga: 880 × 1.62 = wat 1426.
Wutar da ta fita: wat 220.
Inganci a fili: 220 ÷ 1426 × 100 = kashi 15.4.

Wannan ita ce gaskiyar abin da farantin ke yi a zafin digiri 60, kuma da ita ya kamata ka yi lissafin batir da kayan gidanka. Amma ba da ita za ka tuhumi sitika ba, sai ka cire tasirin zafi. Faranti na silikon yana rasa kashi 0.3 zuwa 0.45 na wat ɗinsa a kowane digiri sama da 25. Ainihin lambar tana cikin takardar bayanan kamfani, idan babu ka ɗauki 0.4. Digiri 35 sau 0.4 ya ba da kashi 14, saura 0.86.

220 ÷ 0.86 = wat 256.
256 ÷ 1426 × 100 = kusan kashi 18.
Wat a haske 1000: 256 × 1000 ÷ 880 = wat 291.

Faranti mai sitikar 300 ya ba da 291, wato kashi 97 na alkawarinsa. Wannan faranti na ƙwarai ne.

Idan ingancin ƙwayar kanta kake so, ba na faranti duka ba, sai ka bar firam da ratar da ke tsakanin ƙwayoyi. Auna gefen ƙwaya ɗaya da tef, za ka same shi wajen milimita 156, 166, 182 ko 210, wasu kuma an raba su biyu. Ƙwaya 60 masu milimita 156.75 sun tashi murabba'in mita 1.47, sai 291 a raba da 1470 ya ba da kashi 19.8. Kullum lambar ƙwaya ta fi ta faranti, shi ya sa wasu masu talla suke ambaton ta ƙwaya su yi shiru da ɗayar.

Lissafi na ƙarshe: raba wat ɗin ƙololuwa da Voc sau Isc. Namu 220 ÷ (35.4 × 8.6) = 0.72. Sabon faranti a masana'anta yana ba da 0.75 zuwa 0.80 ko ɗan sama, a zafi yakan ɗan sauka. Abin da ya gaza 0.65 yana da ciwo a ciki.

Mataki na 9: Fassara sakamako

Awon gida ba na ɗakin bincike ba ne. Ma'aunin haske mai araha shi kaɗai yana iya kauce wa gaskiya da kashi 5, ga na mita, ga na zafi. Don haka idan bayan gyaran lissafi farantin ya kai kashi 90 na sitikarsa, ni ba na jayayya da mai kaya. Tsakanin 80 da 90, sai na sake awon wata rana kafin in yi magana. Ƙasa da 80 a sabon faranti, a mayar masa da kayansa. Ga na hannu kuwa, ka tuna faranti yana tsufa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, kuma kamfanoni da yawa suna lamunin kashi 80 ko sama bayan shekara 25. Tsohon da ya ba da 85 bai yi laifi ba, muddin an yi cinikinsa a kan wat ɗin da ya bayar, ba wanda aka rubuta ba.

Lambobin kuma suna nuna inda ciwon yake. Idan Voc ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku, dayod guda ya ƙone ya haɗe. Buɗe akwatin baya a canza shi, gyara ne mai araha. Idan Voc daidai ne amma Isc ya yi ƙasa sosai alhali gilashi a wanke yake, ko robar da ke ƙarƙashin gilashi ta dafe ta koma ruwan ƙasa, ko sitikar ta wani babban faranti ce. Idan duka biyun daidai ne amma lissafin ƙarshe na mataki na 8 ya gaza 0.65, fara da kawunan MC4 da mahaɗin cikin akwati, domin tsatsa ko sakakken haɗi yana cin wat. Idan nan lafiya, bar faranti a kan lodi minti goma, ka bi bayansa da ma'aunin zafi ƙwaya bayan ƙwaya. Wadda ta fi maƙwabtanta da digiri 15 ko 20 ita ce mai tsaga, kuma irin wannan faranti kada a jera shi siris da masu lafiya, domin zai ja su ƙasa, wurin zafin kuma yana iya ƙone fatar baya.

Rubuta sakamakon da alƙalamin da ba ya gogewa a gefen firam: kwanan wata, haske, zafi, Voc, Isc da wat bayan gyara. Idan ka sake awon baɗi a irin wannan watan, da kayan aiki guda, bambancin da ka gani na farantin ne, tunda kuskuren mitocinka bai canza ba.